Kafa Ƙungiyar Taimakon Kai da Kai a Unguwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da matasa da magidanta ke yawan yi idan sun ƙuduri aniyar haɗa kai don yi wa unguwarsu aiki. Amsoshin sun fi karkata ga yadda abin yake a birnin Kano da garuruwan da ke kewaye da shi, domin a nan na ga ƙungiyoyin da suka rayu, na kuma ga waɗanda suka mutu tun suna cikin tsumma.

Mece ce ƙungiyar taimakon kai da kai, kuma me ya raba ta da majalisar hira?

Kusan kowace unguwa tana da majalisa: benci ko tabarma a ƙofar gidan wani, ko gindin bishiya kusa da mai shayi, inda maza ke haɗuwa bayan la'asar ko bayan isha'i. A nan ake jin wanda ya kwanta asibiti, a nan ake ƙorafin kwatar da ta toshe da layin da ya yi wata biyu babu wuta. Majalisa ta san matsalar unguwa fiye da kowane ofishi. Abin da ba ta da shi shi ne ranar aiki, da littafin kuɗi, da mutumin da za a tambaya idan ba a yi abin da aka ce za a yi ba. Ranar da aka samu waɗannan ukun, majalisa ta zama ƙungiya, ko da ba ta da suna tukuna.

Wannan ba al'adar da muka aro daga waje ba ce?

A'a. Sunan "ƙungiya mai zaman kanta" ne sabo, amma aikin tsoho ne. Bahaushe ya san gayya tun kafin ya san takardar rajista. Manomi ya kira gayya, samari su fito da fartanya su nome masa gona, shi kuma ya kawo fura da tuwo, makaɗa na zuga su. Idan za a ɗora jinka a kan ɗaki, maƙwabta ake kira, daga nan ma karin maganar nan ta samo asali, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ganuwar Kano da tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya aza harsashinta, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, hannun jama'a ne ya gina ta, hannun jama'a kuma ya riƙa yaɓe ta shekara da shekaru.

A Nijar akwai samariya, ƙungiyar samarin gari ƙarƙashin sarkin samari, wadda gwamnatin Seyni Kountché ta farfaɗo da ita bayan 1974, aka yi amfani da ita wajen gina azuzuwa da dashen itatuwa da tsaftace gari. A addini ma akwai tushe. Kafin annabci, Manzon Allah (SAW) ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi bn Jud'an a Makka, inda wasu dangogin Ƙuraishawa suka yi alƙawarin tsaya wa duk wanda aka zalunta. Aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da taimakon juna a kan alheri da taƙawa, kuma hadisi ya lissafa kawar da abin cutarwa daga hanya a cikin sadaka.

Mutum nawa ake buƙata kafin a fara?

Biyar zuwa goma sun isa, muddin mutane ne da idan sun ce ƙarfe bakwai na safe, ƙarfe bakwai za a gan su. Kada ku jira sai unguwa duka ta yarda. Ba za ta yarda ba sai ta ga aiki. A cikin na farkon nan a samu wanda dattawa ke jin maganarsa, da wanda samari ke bi, da wanda ya iya rubutu da lissafi. Idan akwai magini ko mai walda ko mai gyaran famfo a cikinku, kun yi dace.

Da wane aiki ya kamata mu fara?

Da aikin da za a fara da safe a gama kafin azahar, kowa kuma ya gan shi da idonsa. A mafi yawan unguwanninmu, yashe magudanar ruwa ne.

Dalili a bayyane yake. Damina a Kano tana kankama daga Yuni, ta yi ƙarfi a Agusta, ta ja jiki a ƙarshen Satumba. Watannin rani kuwa kwata tana cika da ledar ruwa da robar lemo da yashi da tokar murhu. Ruwan farko mai ƙarfi ya zo bai samu hanya ba, sai ya bi lungu, ya shiga soraye, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Wanda ya rage a kwance kuma ya zama gidan sauro, idan ya haɗu da masai ya gangara rijiya, ga amai da gudawa. Saboda haka lokacin yasa shi ne Afrilu da Mayu, ba ranar da ruwa ya riga ya shiga ɗakin tsohuwa ba.

Kayan aikin ba su da yawa: shebur, diga, manjagara, baro, kwanduna ko buhuna, safar hannu mai kauri da dogon takalmin roba. Yawanci aro ake yi a gidaje. Kada a bar yaro ya shiga kwata ƙafa ba takalmi, akwai fasassun kwalabe da tsatsattsun ƙusoshi, wanda ya yanke kuma a kai shi a yi masa allurar tetanus a ranar. Ramin masai da sokawe ba aikin gayya ba ne ko kaɗan. Iskar da ke cikinsu tana kashe mutum cikin mintuna, kuma sau da yawa wanda ya shiga ceto shi ma ba ya fitowa. A bar wa masu sana'ar.

Akwai kuskure guda da na ga ana maimaitawa kowace shekara, mu ma mun taɓa yinsa. Mun yashe layi guda tun daga sama har ƙasa, muka tara dagwalon a bakin hanya da niyyar mota za ta zo kwashewa. Motar ba ta zo ba, kwana huɗu aka yi ruwa, duk abin da muka fitar ya koma inda ya fito. Tun daga ranar ba ma sa ranar yasa sai mun tabbatar da abin da zai kwashe sharar. A Kano akwai hukumar kwashe shara ta jiha, REMASAB, ana rubuta mata takarda tun da wuri. Idan ba a samu ba, a yi karo-karo a ɗauki tifa ko masu kura. Sannan a fara yasa daga ƙasa, inda ruwan ke fita, a hauro sama. Idan kun gyara naku amma na layin da ke ƙasa da ku a toshe yake, ruwan zai dawo kanku, don haka ku yi magana da su a fito rana ɗaya. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli da safe ta dace da wannan, tunda an taƙaita zirga-zirgar ababen hawa kuma mutane na gida.

Dole ne sai mun je wurin mai unguwa?

Dole ne, kuma kafin aikin farko, ba bayansa ba. Ku je mutum uku ko huɗu, da dattijo a gaba, ku gaishe shi ku ce, "Ranka ya daɗe, 'ya'yanka ne suka ga halin da kwatar layin nan take ciki, suke neman izini da albarka." Shi zai sanar da dagaci idan abin ya kai, dagaci ya sanar da hakimi. Ranar da rikici ya taso, misali wani ya gina barandar shagonsa a kan magudana ya ce ba mai taɓa masa, ba ku ne za ku yi jayayya da shi ba, mai unguwa ne zai kira shi. Daga nan sai limami, domin sanarwa ɗaya bayan sallar asuba ta fi takardar gayyata ɗari.

Waɗanne muƙamai ake buƙata?

Shugaba, sakatare, ma'aji, mai binciken kuɗi, da shugaban aiki wanda ke riƙe da kayan aiki yana raba mutane a ranar gayya. Sai iyayen ƙungiya, dattawa biyu ko uku da ake kai wa ƙara idan an saɓa. Shi ke nan. Na sha ganin ƙungiyar mutum goma sha biyar mai muƙamai goma sha uku, har da mataimakin jami'in hulɗa da jama'a na biyu, ba ta taɓa ɗaga shebur ba. Shawarata ita ce kada a yi zaɓe sai bayan an yi aiki biyu ko uku. A lokacin kowa ya ga wanda ya zo da wuri da wanda ya zo da farar shadda bayan an gama. A kuma sa wa'adi, shekara biyu ta isa.

Ta ina kuɗi za su fito, kuma ta yaya za a kauce wa zargi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi. Ƙungiyoyin da na ga sun watse, kaɗan ne gajiya ta kashe. Galibinsu magana ɗaya ce ta rusa su: "Ina kuɗinmu?"

A fara da aljihun 'yan ƙungiya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kuɗin wata ya zama kaɗan yadda mai tura baro da ɗalibi za su iya biya ba tare da jin kunya ba, wanda Allah ya hore wa ya ƙara a matsayin gudummawa. Wanda ba shi da ko sisi amma yana fitowa aiki, cikakken ɗan ƙungiya ne, kada a taɓa nuna masa bambanci a wurin taro. Idan aiki ya fi ƙarfin wannan, kamar gina kwalbati ko katange maƙabarta ko gyaran rijiyar burtsatse, sai a bi gida-gida, amma bayan an kira magini ya yi ƙiyasi a rubuce: buhun siminti kaza, rodi kaza, tifar yashi kaza, kuɗin aiki kaza. Mutane ba sa ƙin bayarwa idan sun san abin da za a yi da kuɗin. A ce gida 100 ne a layukanku, kowane gida ya ba da naira 1,000, an samu 100,000. A rubuta wannan lissafin ƙarara, a cire gidajen marayu da zawarawa da tsofaffin da ba su da mai taimako, kada ma a ƙwanƙwasa musu ƙofa.

Ƙa'idojin riƙon amana ba su da wuya, bin su ne ke buƙatar jajircewa. Duk wanda ya ba da kuɗi a ba shi rasit, ko naira ɗari biyu ce. Wanda ke karɓar kuɗi ba shi ne mai sayo kaya ba, kuma sayayya mutum biyu ke zuwa. Kuɗi ba ya kwana a asusun bankin mutum ɗaya, ko da kuwa limamin unguwa ne, ba don ana zarginsa ba, sai don a tsare masa mutuncinsa. A buɗe asusun ƙungiya da masu sa hannu uku, ba a cire ko kwabo sai biyu sun sa hannu. Ba a ba da rance daga asusun, ko ga shugaba, domin bashin ɗan'uwa ba ya karɓuwa sai da ɓacin rai. A ƙarshen kowane wata ma'aji ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, a manna kwafi a allon masallaci, a kuma tura hotonsa a zauren WhatsApp na unguwa.

Wasu ma'ajin suna jin haushi idan aka ce su kawo lissafi, su ce, "Wato ba ku yarda da ni ba?" Irin wannan, komai kirkinsa, a canza masa aiki cikin mutunci. Mai gaskiya shi ya fi kowa son a duba littafinsa.

Sai mun yi rajista da gwamnati?

Don yashe kwata ko share maƙabarta ba ku buƙatar takardar kowa. Sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Najeriya 'yancin haɗuwa da wasu su kafa ƙungiya. Amma da zarar kun fara riƙe kuɗin jama'a ko rubuta wa hukuma takarda, rajista za ta yi muku amfani. Mafi sauƙi ita ce ta ƙaramar hukuma, a sashen da ke kula da ci gaban al'umma, inda akan nemi tsarin mulkin ƙungiya da sunayen shugabanni da shaidar masu unguwa. Ga yawancin ƙungiyoyin unguwa wannan ta wadatar a shekarun farko.

Idan kuka girma har kuna son mallakar fili da sunan ƙungiya ko karɓar tallafi daga manyan cibiyoyi, sai ku nufi hukumar rajistar kamfanoni ta ƙasa, CAC. A ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020 ana yi wa irin wannan ƙungiya rajista ne ta hannun amintattu, aƙalla mutum biyu. Ana buga sanarwa a jaridu biyu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, kuma bayan an samu takardar shaida akwai rahoton da ake miƙawa duk shekara. Abin yana cin kuɗi da lokaci. Ban ga hikimar kashe kuɗin da zai sayi baro biyar a kan takardar da za a rataye a bango ba, alhali ba a yi aikin fari ba.

Ɗan siyasa ya kawo gudummawa. Mu karɓa?

Idan siminti ne ko tifar marmara ya kawo, aka sauke a bainar jama'a, aka rubuta a littafi kamar na kowa, aka yi masa godiya, babu laifi. Kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisa ma haƙƙinku ne ku je musu da buƙata a rubuce, don wannan aka zaɓe su. Abin gudu shi ne kuɗin da ake ba shugaba a ambulan cikin dare, da rigunan aiki masu hoton ɗan takara, da gayyatar "ku zo da yaranku" ranar gangami. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A unguwa ɗaya akwai ɗan kowace jam'iyya, kuma ruwan sama ba ya tambayar katin kowa kafin ya shiga gida. Ranar da aka ce ƙungiyar ta wane ce, rabin masu fitowa aiki sun tafi, sauran rabin kuma za su tafi ranar da ya faɗi zaɓe. A rubuta a tsarin mulki cewa duk shugaban da zai tsaya takara ya ajiye muƙaminsa tukuna. Haka batun Izala da ɗariƙa: a bar shi a ƙofar taro.

Ƙwacen waya da sata sun dame mu. Za mu iya kafa sintiri?

Za ku iya, amma wannan ne aikin da ya fi kowanne haɗari, kuma ba na ba sabuwar ƙungiya shawarar ta fara da shi. Kafin kowa ya ɗauki tocila, a je wurin DPO, wato shugaban ofishin 'yan sanda na yankin, tare da mai unguwa, a ba da sunayen masu sintirin, a karɓi lambar da za a kira da dare. Akwai kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC, a shiga ta nan. Aikin ɗan sintiri gani ne da busa usur da tada mutane da miƙa wanda aka kama ga hukuma. Ba duka, ba ɗaurewa a turke, ba tuhuma da bulala. Wanda aka yi wa ihun ɓarawo ba lallai ne ɓarawo ba, kuma rai idan ya fita ba ya dawowa. Mun ga yadda ɗaukar doka a hannu da wasu 'yan sa-kai suka yi a Zamfara ya ƙara rura wutar ramuwar gayya maimakon kashe ta.

Sau da yawa ma fitila mai aiki da hasken rana guda uku a lungu mai duhu, da sare ciyawar kangon da ɓata-gari ke fakewa, sun fi sintirin mutum ashirin tasiri.

Taransifomarmu ta ƙone. Mu tara kuɗi mu sayi sabuwa?

Ku fara da sanin haƙƙinku. Hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha bayyana cewa sauya taransifoma da turaku da wayoyi nauyin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da wutar ba. A rubuta ƙorafi, a ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, idan ba a ji komai ba a ɗaukaka ƙara zuwa ofishin sauraron koke na hukumar. Idan duk da haka jama'a suka zaɓi su saya don sun gaji da duhu, kada a biya ko sisi sai da yarjejeniya a rubuce da kamfanin. Kuma kada wani ɗan ƙungiya ya hau turken wuta.

Ƙungiyar maza ce. Ina matan unguwa?

Maza ne ke shiga kwata da haƙa kabari, amma mata ne suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba, da mai naƙudar da ba ta da kuɗin mota, da yarinyar da aka cire daga makaranta. Namiji ba ya shiga gidan mutane ya ga wannan. Ƙungiyar da ba ta da hanyar jin maganar mata, ta bakin malamar Islamiyya ko ungozoma ko wata dattijuwa da ake girmamawa, rabin unguwa kawai take gani. Idan za a raba tallafin azumi ko kayan sallar marayu, su ne za su faɗi gidajen da suka cancanta, kuma su ne za su kai cikin sirri. Ba a ɗaukar hoton mabuƙaci yana karɓar mudun shinkafa a sa a Facebook.

Wa ya cancanci shiga? Har da 'yan haya da baƙi?

Duk wanda ke kwana a unguwar. Ɗan haya, Bayarabe mai gyaran mota, Inyamuri mai kemis, Kirista da Musulmi, almajiran tsangayar da ke layin tare da izinin malaminsu. Har samarin da ake kira 'yan shaye-shaye, ina roƙon kada a kore su. Na ga yaron da kowa ya sallama, aka damƙa masa makullin ɗakin kayan aiki, ya riƙe shi shekara biyu ko shebur ɗaya bai ɓata ba. Ba kowa ne zai gyaru ta haka ba, amma wanda aka kira da sunansa aka ce "sannu da aiki" a gaban dattawa ba ya komawa daidai yadda yake.

Ba ɗauke wa gwamnati nauyinta muke yi ba?

Akwai ƙamshin gaskiya a wannan ƙorafi, kuma ba na raina mai yinsa. Babbar magudana da titi da asibiti aikin hukuma ne, da kuɗin jama'a ake biyan masu yinsu. Sai dai ledar da ta toshe kwatar ƙofar gidanka ba daga sakatariya aka kawo ta ba. Sannan ƙungiyar da ta yi nata ita ke da bakin neman a yi mata. Takardar da ta zo da hatimin ƙungiya da sa hannun mai unguwa da hotunan aikin da aka riga aka yi, tana cewa "mun yashe mita kaza, abin da ya rage kwalbati ne da ya fi ƙarfinmu", ba a ture ta kamar yadda ake ture koken mutum ɗaya.

Mun fara da zafi, yanzu mutum huɗu ke zuwa taro. Me za mu yi?

Haka take faruwa ga kowa, galibi bayan wata uku ko huɗu. Ku rage taro, ku ƙara aiki. Taron da ake shafe awa biyu ana gardama a kan launin hatimi shi ke korar magidanci mai neman abin cefane. Sau ɗaya a wata ya isa, bayan isha'i, kada ya wuce minti arba'in.

Ku kuma raba ayyuka bisa yanayin shekara don kada a zauna shiru: yasa kafin damina, ciko da cike ramukan kaburburan da suka rufta a tsakiyarta, share ciyawar maƙabarta da kaka, tattara barguna da rigunan sanyi don almajirai da tsofaffi kafin hunturu, tallafin marayu da azumi. Ku tanadi makara da diga da shebur da likkafani a ɗakin masallaci yadda idan an yi rasuwa cikin dare ba sai an bi gida-gida ana nema ba. Ku rubuta sunayen masu iya ba da jini da rukunin jinin kowa, da lambobin masu Adaidaita Sahu biyu ko uku da suka yarda a tashe su idan naƙuda ta zo da tsakar dare.

Waɗanda suka daina zuwa kuma kada a yi musu gori a zauren WhatsApp. Mutum biyu su je har gida su gaishe su, wataƙila rashin lafiya ce ko bashi ya sha musu kai. Ku huɗun da kuka rage ku sa ranar Asabar mai zuwa, ku ari baro, ku fara daga bakin kwalbatin da ke ƙasan layi da ƙarfe bakwai.